Murhun da Bai San Muciya Ba

Ni maƙeri ne a Ƙonni. Bara mutanen wani furoje, wato shirin taimakon karkara, suka koya mana ƙera murhun ƙarfe mai tsimin itace, a gabanmu suka tafasa ruwa da 'yan ƙirare. Na sayar da jakina na sayi gangunan ƙarfe, na ƙera murhu goma sha biyu na sayarwa. In sun shiga, in mai da jaki kafin damina. In ba su shiga ba, da kaina zan kai taki gona.

Ƙonni zuwa Malbaza

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi na asuba. Na samu motar siminti da ke komawa Malbaza ba kaya. A shingen Tsarnawa jandarma ya hau ya ɗaga murhu ɗaya.

"Baba, bokiti ne ba gindi?"

Direba ya ce, "Shef, bar shi, wanga tsoho zai ceci itatuwan Nijar." Suka yi dariya, muka wuce. A gefen hanya kututture ne ko'ina, mata na tsintar kashin shanu.

Ƙarfe bakwai da kwata muka isa, tafiyar kilomita talatin da wani abu. Na baza kaya kusa da masu abinci har la'asar. Mata sun zo, sun taɓa, sun ƙwanƙwasa. Wata ta ce, "Duwatsu uku kyauta suke, maƙeri." Mai shayi kaɗai ya sayi ɗaya. Na ci shinkafa da wake na dala ashirin, na kwana a rumfarsa.

Malbaza zuwa Illela

Ƙarfe shida na koma Tsarnawa, na shiga wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, mu da awaki. Mun yi faci kafin Badagishiri. Sha ɗaya da rabi na sauka Illela ta Nijar, gidan ɗan kawuna, Ada.

Matarsa Tsahara ta yarda ta yi tuwon gida a murhuna, maƙwabta su gani. Ruwa ya tafasa nan da nan. Mata suka fara salati, wata har ta ware nata murhun gefe. Zuciyata ta ce jaki ya dawo.

Tsahara ta yi talge, ta zuba gari, tuwo ya yi ƙarfi. Ta kama muciya hannu biyu, ta ja yadda ta saba. Duwatsu suna riƙe tukunya, amma murhuna bai kai nauyin tulun ruwa ba. Ya bi muciyar. Tukunya ta kife a kan ƙafarta.

Ban manta ƙarar da ta yi ba. Da aka ɗaga tuwon, fatar ta biyo shi. Muna ɗora ta a amalanke zuwa likita, wata tsohuwa ta riƙe rigata.

"Ɗana, wanda ya koya maka abin ga, ya taɓa tuƙa tuwo?"

"A'a, Inna."

"Kai fa?"

Na zare rigata, na bi amalanke. Ada bai faɗa mini baƙar magana ba. Da safe ya taya ni ɗaure kayana, goma sha ɗaya, har da wanda ya lotse.

Illela zuwa gida

Na isa Ƙonni ƙarfe uku na rana. Ban sha ruwa ba na tambayi matata Hajo, wadda na ba murhun farko wata huɗu da suka wuce, yadda take tuƙi a kai. Ta kai ni bayan rumbu. Ga duwatsu uku, tokarsu da ɗumi.

"Miya nake yi a naka, Malam. Tuwo, nan."

"Don mi ba ki gaya mini ba?"

"Ka tambayi masu furoje, ka tambayi maƙera. Ni ba ka tambaye ni ba."

Daminar bana da kaina na kai taki. Tsahara ta tashi, amma tana ɗingishi. Na ƙera wa murhun ƙafafu masu shiga ƙasa, sau biyu Hajo tana gwadawa da tukunyar jiƙaƙƙen yashi tana cewa da saura. Ba zan sake fita da shi ba sai ta ce ya yi.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni, da Ada da ya rufe bakinsa. Tsahara kuma, Allah ya ba ta ladan ƙafarta.