Sandar da Ta Kashe Mama Tabitha

Malam Dominic Yashim mutumin Zonkwa ne. Ya zo Zariya yana saurayi da akwatin ƙarfe guda, ya sami aikin buga tafireta a wani sashe na jami'a a Samaru, ya shekara ashirin da shida a kan kujera ɗaya. An san shi da abu guda: ba ya kuskure. Shi ma ya san haka, shi ya sa ba ya waiwayar abin da ya buga. In ya zare takarda, sai ya miƙa maka yana kallon wani wuri.

Da ya yi ritaya, cocinsu da ke Sabon Gari ta naɗa shi sakatare. A 2007 cocin ta cika shekara hamsin, dattawa suka ce a sa sunayen mutanen farko da hotunansu a intanet, don 'ya'yansu da suka watsu Legas da Fatakwal su gani. Aikin ya faɗo kan Malam Dominic, wanda ya tsani kwamfuta saboda maus ɗin nan da ake ja a kan tebur.

Chinelo ce ta fisshe shi. 'Yar Ejiofor mai sayar da kayan keke ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar Bazazzagiya, tana da shagon intanet kusa da kasuwa. Ta sa masa wata manhaja a tsohuwar kwamfutar ofishin coci, wadda ba ta buƙatar komai sai rubutu zalla. Tauraro a farkon layi, layin ya zama babban take. Sanda a tsaye tsakanin kalmomi, ta raba gurabun jadawali. In ana son a haɗa suna da hoto, sai a rubuta inda hoton yake a cikin baka biyu. Daga nan umarni ɗaya ke juya komai ya zama shafin intanet.

"Ashe tafireta ce ta canja riga," in ji shi.

Cikin kwana tara ya buga suna ɗari biyu da goma sha huɗu, kowanne da shekarar haihuwa, da ta baftisma, da ta rasuwa ga waɗanda suka riga mu. Ya juya rubutun ya zama shafi, ya kai wa Chinelo a filash. Ta ce, "Baba, ku zauna mu duba tare kafin in ɗora."

Ya ce, "Ɗora kawai, 'yata. Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Bayan mako biyu, ranar wata Juma'a da hantsi, motar haya ta tsaya a ƙofar wani gida a Palladan. Diana, 'yar Mama Tabitha da ke aure a Fatakwal, ta fito tana kuka, da ƙannen mijinta biyu. Wata ƙawarta ce ta kira ta, ta ce ta ga sunan mahaifiyarta a cikin mamatan coci, ƙawar ba ta ma tsaya duba shekarar ba. Mama ba ta da waya, ta maƙwabta kuma ta ƙi shiga. Suka tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tace kunu.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawa suka zauna. Fasto ya ce ba maganar Mama kaɗai ba ce, hotunan ma ko ɗaya ba ya buɗewa. Malam Dominic ya miƙe, ya gyara wuyan riga.

"Abin da ya fita daga hannuna lafiyayye ne. A tambayi yarinyar da ta ɗora. Yaran yanzu hankalinsu na wajen hira."

Ejiofor, mahaifin Chinelo, na zaune a wurin. Ya sunkuyar da kai. Kafin Laraba maganar ta zaga Sabon Gari, har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa shagon.

Chinelo ba ta yi musu da kowa ba. Ranar Alhamis ta zo ofishin coci da kanta, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce su fara da hotuna. Ya buɗe rubutunsa, ya danna, hoto ya fito. Ya juyo yana mata kallon kin gani.

"A nan zai fito, Baba, don a nan yake zaune. Ku duba adireshin da kuka ba shi, cikin wannan kwamfutar yake nunawa. Mutumin Legas ba shi da ita. Kamar ku rubuta wa baƙo wasiƙa ne ku ce kayansa na ƙarƙashin gadona."

Ta nuna masa yadda ake tara hotunan wuri ɗaya da shafin, a gajarta adireshin. Da suka zo kan jadawali sai ta janye kujerarta baya, ta bar shi shi kaɗai da allon. Ya bi layi-layi da ɗan yatsa har ya kai na tamanin da bakwai. Ga sunan Tabitha, ga 1934, sai sanda biyu a jere inda ya kamata a ga ɗaya. Sandar da ta ƙaru ta buɗe gurbi babu komai a ciki, ta tura 1961, shekarar baftismarta, zuwa gurbin rasuwa.

Ya daɗe yana kallon sandar. Da ƙasa za ta tsage, da ya shige. Ya goge sandar, ya sake juya shafin, wannan karon ya karanta shi tun daga sama har ƙasa, ya tsinci wasu kurakurai uku.

"Chinelo," ya ce, "me ya hana ki faɗa tun ranar da maganar ta tashi?"

"A gaban mutane, Baba?"

Wannan ta fi komai yi masa ciwo. Lahadi ta gaba ya nemi izinin Fasto ya tsaya gaban jama'a. Ya ninke takardar da ya rubuto, ya ce kuskuren nasa ne, ya kuma ɗora wa 'yar mutane laifin da ba ta ji ba ta gani ba. Ya sauko ya nufi bencin Ejiofor ya durƙusa. Ejiofor ya yi sauri ya ɗago shi.

Da yamma ya hau acaɓa zuwa Palladan. Mama Tabitha ta sa aka ba shi kujera, ta ƙare masa kallo.

"Kai ne ka kashe ni? To, na gode. Shekara huɗu Diana ba ta tako gidan nan ba."

Matan gidan suka fashe da dariya, shi kuwa ya kasa. Ya sha kunun da aka ba shi kansa a ƙasa.

Ya ci gaba da sakatarci har 2009, lokacin da idanunsa suka fara rauni. Mutane sun koma shagon Chinelo, ita ma ba ta sake ɗago zancen ba. Amma ya fi wata shida in zai shiga kasuwa sai ya zaga ta bayan tasha, don kada ya bi ta ƙofarta ta fito ta rusuna ta gaishe shi.