Ranar da Baba Ya Shuka Gero a Gaban Raga

Jiya da ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da ya kafa ƙungiyar wasannin ƙauyenmu. Gonarsa ya ara mana. Da rani a nan ake ƙwallo da kokawa da langa, shi kuma yana gefe kan buzunsa, yana tauna goro yana yi mana tsiya.

Wata shekara muka gayyato 'yan Minjibir wasan ƙwallo, sai aka tafka ruwa ana gobe wasa. Da muka isa filin, muka tarar da Baba da sungumi da ƙwaryar iri. Muka durƙusa.

"Baba, baƙi suna hanya, kada ka kunyata mu."

Ya ce, "Ku yi wasanku. Gaban ragar baƙi kawai zan shuka. Tun da na kafa ƙungiyar nan ban taɓa ganin ƙafarku ta kai wurin ba."

Ya kuwa shuka. Maganar ta yi mana ciwo. Da baƙin suka iso aka fara wasa, muka yi ta kai hari har na jefa ƙwallo a raga, muka tattake shukar kaf. Baba ya cilla hularsa sama yana kabbara. Da ya nutsu ya dubi gonar, ya ce, "Madalla. Gobe da sassafe kowa ya zo da sungumi. Kai da ka ci, kai ne a gaba."

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata kabarinsa, ya sada mu a Aljanna.