Ranar da Surukina Ya Ji Muryar Tsohuwa

Mu uku muke wasan: ni a Gusau, abokina mai kemis a Tsafe, sai wani abokinmu malamin firamare a Bungudu. Tare muka yi karatu. Da can kusan duk ƙarshen mako sai mun haɗu a shagon mai kemis, mu yi ta ludo da gardama har la'asar. Da hanya ta lalace, kowa ya koma sai ya yi dogon tunani kafin ya hau mota, haɗuwar ta mutu ba tare da wani ya ce a daina ba.

Mai kemis ne ya samo mana teburin wasa a intanet. Mutum ɗaya ke jan labari, ya zana taswirar wurin da abin ke faruwa, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, ya riƙa faɗin abin da mutuminsa zai yi. Ni suka ɗora wa jan labarin, wai na fi su surutu. Mai kemis ya zama maharbi. Malam kuwa, mutumin da ko alli ba ya kaiwa gida daga makaranta, ya ce shi ɓarawo zai zama.

Kowannensu yana da ɗan hoto zagayayye a kan taswira, wanda yake ja duk inda yake son zuwa. Abin da ya kama zuciyata shi ne hasken. Inda mutuminka ya tsaya, abin da idonsa zai iya kaiwa kaɗai kake gani a allonka, sauran wurin baƙi ƙirin. Ka matsa gaba, hasken ya bi ka, lungu ya buɗe. Ni mai jan labari ina ganin komai, su kuwa suna lalube.

Da farko bango kawai ake iya zanawa, layi ne da ke tare haske. In suka ce za su buɗe ƙofa, sai in tsayar da labari, in nemo guntun layin da ke wurin, in ja shi gefe, ga intanet ɗinmu mai tafiyar hawainiya. Wata rana na ja layin da ba shi ba, bango guda ya kau, suka hango kurar da na ɓoye musu tun kafin su iso tsakar gida. Mai kemis ya yi dariya har ya ƙware. Taga kuwa ta fi ba ni wahala. In na bar giɓi domin su leƙa, sai Malam ya ja ɓarawonsa ya shige ta nan kamar ƙofa. In na toshe, ba su ganin komai.

Sai masu teburin suka ƙaro ƙofa da taga, kowace da alamarta. Ƙofa tana tare haske har sai an taɓa ta, kuma su da kansu za su iya taɓawa. Ina iya kulle ta, ina iya ɓoye ta ta zama kamar bango. Taga tana barin ido ya wuce, amma ba ta barin jiki. Wasan ya canza gaba ɗaya. Mutanen da a da suke afkawa ko'ina suka koma masu sanɗa. Su zagaya gida, su leƙa ta taga, su ga rabin ɗaki da gefen wani abu da ba su gane ba, su tsaya a bakin ƙofa suna musu a kan wa zai buɗe. Ni kuma hannuna ya huta, sai na mai da ƙarfina ga muryoyi.

Wani mako na zana gidan wata tsohuwa a gefen wani gari da kowa ya gudu ya bari. Ita ke riƙe da makullin rijiya. Na ba gidan ƙofa ɗaya a kulle, da taga ɗaya wadda na auna ta yadda duk wanda ya leƙa zai ga tukunya a kan murhu da ƙafafun tsohuwar, amma ba zai ga fuskarta ba. Muryarta kuwa a kan babur na riƙa gwada ta, a hanyar ofis, inda iska ke kwashe ta.

A makon ne kuma surukina ya zo daga Bungudu domin a duba masa ido. Manomi ne, dogo, ba mai yawan magana ba. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. In na gaishe shi, a tsugune, idona a ƙasa. Muka sauke shi a ɗakin baƙi da ke jikin zaure, kusa da ɗan ɗakin da nake ajiye kwamfutata. An gama da asibiti, an ba shi maganin ɗigawa, aka tsayar cewa sai Lahadi zai koma.

Ranar Asabar bayan azahar na ga ya kishingiɗa. Na ce a raina barci zai yi. Babu wuta, zafi kamar a gasa mutum, don haka na bar ƙofata a ɗan buɗe, na jiƙa tawul na yafa a ka, na toshe kunnuwa da abin sauraro. Na yi niyyar yin magana ƙasa-ƙasa, kuma da farko na yi.

Suka iso gidan tsohuwa. Malam ya ja ɓarawonsa zuwa taga, haske ya ratsa ya faɗa a kan tukunya da ƙafafun nan biyu. Na ji ya ja numfashi. Maharbi ya taɓa ƙofa, ta ƙi buɗewa. Abin ya tafi daidai yadda na tsara, daɗi ya kwashe ni, na manta da wanda ke kwance a bayan bango. Na ranƙwafa, na karkace baki, na saki murya siririya mai rawa.

"Waye nan a ƙofata? Ku tafi, 'ya'yan banza! Ba na buɗe wa ƙattin da ba su iya sallama ba!"

Har da buga tebur, har da tarin tsofaffi. Ina cikin tarin ne na ga hasken ɗakin ya ragu. Na juya. Surukina ne tsaye a bakin ƙofa, da hularsa da 'yar jakarsa a hannu. Daga baya na ji cewa wani maƙwabcinsu ne ya bugo ya ce zai koma Bungudu da mota a ranar, shi ne ya zo ya yi mini sallama. Ya yi ta sallama ban ji ba.

Na miƙe zumbur. Wayar abin sauraron ta fizge daga jikin kwamfuta, sai muryar Malam ta cika ɗakin.

"Tsohuwa, na ga tukunyarki! Ki buɗe ƙofar nan, ko in sace ta da tuwon da ke ciki!"

Na durƙusa, tawul yana ɗiga a wuyana. Ban ma tuna in cire shi ba.

"Baba, sannu da hutawa."

 Ya karkata kunne wajen kwamfutar, ya ce, "Wanga ba muryar malamin makarantarmu ba ce?"

Jikokinsa duk a ajin Malam suka bi. Daga Tsafe na ji mai kemis ya yi wani ɗan sauti, sannan ya kashe makirufonsa ya bar mu. Sai ga Malam da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba.

"Baba, ina wuni. Ya jikin?"

"Lahiya lau, Malam. Ya yaran?"

"Suna lahiya, Baba."

Ya dubi allon, ya dube ni. "Caca ce?"

"A'a, Baba, wallahi ba kuɗi a ciki. Labari ne kawai muke yi."

Da na tsaya a nan da ya fi. Amma kunya ta kwance mini baki, na juyo masa da kwamfutar, na shiga bayani. Na nuna masa bango. Na nuna masa yadda ƙofa ke tare haske sai an buɗe, da yadda taga ke barin mutum ya gani amma ba ya wucewa, har ina gaya masa irin wahalar da muke sha kafin a kawo su. Ina jin kaina ina magana, magidanci mai 'ya'ya, da furfura a gemu, ina yi wa dattijon da idonsa ke hawayen magani bayanin amfanin tagar gidan da babu shi. Ya saurara har na ƙare, don ba ya katse mutum.

"To," ya ce. Ya gyara riƙon jakarsa. "Matar taka ta ce mini aikin gwamnati kake, kada in dame ka."

Ni na kai shi inda motar take jira, a kan babur. Tafiyar ba ta da nisa, amma ban taɓa jin nauyin mutum a bayana kamar ranar ba. Ya yi maganar damina, ya yi maganar taki. Da zai shiga mota ya ce, "Allah shi yi albarka. Koma ga aikinka." Na duba fuskarsa a sace ko zan ga alamar zolaya. Babu.

Da na dawo na tarar da matata tana tankaɗe a tsakar gida. Na ce, "Me ya sa kika ce masa aikin gwamnati nake?"

Ba ta ɗago ba. "To me kake so in ce masa, Maigida? In ce mijina yana ɗaki ya zama tsohuwa?"

"Ashe kina ji?"

"Duk Asabar. Maƙwabta ma sun tambaye ni ko wata gwaggonka ce ta zo, na ce rediyo ne."

Wannan ya fi na surukin zafi. Na daɗe ina zaton abin tsakanina da abokaina ne, ashe ita tana waje tana ta rufa mini asiri, kuma ba ta taɓa ce mini uffan ba. Na shiga ɗaki na zauna. A allo hotunansu biyu suna nan tsaye a bakin ƙofar tsohuwa, su kuwa sun sauka tuni.

Malam ya yi makonni bai hau tebur ba. In na buga masa sai ya ce jarrabawa ta sha masa kai. Mai kemis ne ya gaya mini gaskiya: surukina bai faɗa wa kowa ba, amma duk inda ya haɗu da Malam sai ya tsaya ya gaishe shi da girmamawar da ta fi ta da, har Malam ya koma bin bayan gari in zai je makaranta. Da ya dawo wasan, sharaɗi ɗaya ya kafa, a kashe ɓarawon nan a ba shi falke mai jaki. Na yarda. Muryoyina ma suka koma na maza masu magana a hankali.

Da Babbar Sallah muka je Bungudu gaisuwa, ni da iyali. Ina zaune a tabarmar ƙofar gidan surukina cikin baƙi sai ga Malam, shi ma ya zo yi wa dattijon barka da Sallah. Wuri ɗaya ya rage, kusa da ni. Muka yi musafaha, muka tambayi juna iyali da aiki da gajiya, kamar waɗanda suka taɓa haɗuwa sau ɗaya a tasha. Surukina ya sa aka kawo fura. Sauran baƙi kowa da kofinsa, mu kuwa aka ajiye mana ƙwarya ɗaya da ludayi biyu. Muka sunkuyar da kai muka sha, ba wanda ya dubi ɗan'uwansa.