Faifan da Na Manna wa Kore

Cikin ranakun da na yi a wannan shago, wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Madam Ngozi ta shigo da faifai a hannu, ta dire shi a kan teburina ba ko murmushi. Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makulli in koma gona, wannan zan ba ku. Sai dai dole in fara da yadda aikin yake a da, don yawancinku kun zo kun tarar ana tura fim a waya ne, kuna tsammanin haka duniya ta fara.

Marigayi Alhaji Mamman, mahaifin manajanku na yanzu, da hayar kaset ya fara a nan Daura, na Indiya da na faɗan 'yan Cana. Mijin Madam Ngozi, Oga Emeka, shi ne maƙwabcinmu mai sayar da kayan gyaran babur. Wata tafiya da ya yi Legas ya dawo wa 'ya'yansa da kaset uku na katun ɗin Japan. Alhaji ya ga yadda yaran layi suka yi cincirindo a ƙofar gidan, ba su jin ko kalma ɗaya amma ba mai motsi, sai ya ce, "Nan akwai kasuwa." Ya nemi dila a Kano ya ƙulla da shi. Da kaset ya wuce aka koma faifai, mutanen Kano suka fara ɗora wa finafinan muryar Hausa, daga nan kasuwa ta buɗe sosai. Muka tashi daga masu ba da haya muka zama masu rarrabawa. Kayanmu na zuwa Sandamu, na zuwa Mashi da Babban Mutum, har fatake daga Nijar kan saya su tsallaka da su.

Ba mu daɗe a ciki ba muka gane wani abu. Mu a nan, duk abin da aka zana da hannu yana motsi, na yara ne. Su mutanen Japan ba haka suka ɗauke shi ba. Za ka ga kwali da hoton yarinya mai dara-daran idanu, ka kunna, ka tarar ana fille kawuna, ko a fito da shigar da ba za ka kalla a gaban surukinka ba. Shi ya sa Alhaji ya ƙirƙiro kujerar mai duba kaya, ya ɗora ni a kai. Tsarin ba wuya. Uwar faifai, wato wadda ake bugo sauran daga jikinta, za ta iso daga Kano. Manaja ya karɓa ya miƙo mini. In kalla daga farko har rubutun ƙarshe. In na yara ne in manna wa kwalin koriyar sitika, in na manya ne in manna ja. Sai an ga sitikata masu bugawa za su buga, su manna irinta a kowane kwali, 'yan babur su ɗauka su kai wa masu shaguna. Alhaji kan ce mutanenmu na karkara da yawa ba su karanta boko, amma ba wanda bai san kore da ja ba.

Na yi shekara bakwai a kan kujerar nan ba a taɓa dawo mini da faifai ba, kuma abin da ya cuce ni ke nan. Na fara jin kaina. Har alfahari nake wa abokan aiki cewa ni da ganin kwali da minti goman farko na san inda fim ya dosa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, ana sunan ɗan ƙanwata a Sandamu, ga uwar faifai huɗu sun iso da safe. Uku na kalla yadda ya kamata. Na huɗun, kwalinsa yarinya ce riƙe da lema ruwan ɗorawa tana dariya. Na kunna: yarinya da mahaifiyarta suna sayar da taliya a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, tana ɓarin miya, uwar na tsokanarta. Na kama rimot na tura gaba, na ga makaranta, na ga teku, na ga ruwan sama. Na ce wannan ai ko jariri ya kalla. Na manna kore, na hau babur na tafi cin tuwon suna.

Bayan kwana shida sai ga Madam Ngozi. Ta fi shekara ashirin a Daura, Hausa a bakinta kamar a ƙofar fada aka haife ta.

Ta ce, "Malam Sabi'u, kai ka sa wa wannan kore?"

Na ce ni ne.

"Ka kalla kuwa?"

Na ce, "Haba Madam, ai aikina ke nan."

Ta dube ni ta ce, "To sake kallo. 'Yar autata tun jiya take bin bayana, ko tari na yi sai ta fashe da kuka."

Na rufe ƙofa na kunna, wannan karon ban taɓa rimot ba. Wajen minti ashirin uwar ta fara tari. Aka kai ta asibiti. Kafin tsakiyar fim ta rasu, yarinyar na riƙe da hannunta. Duk sauran fim ɗin yadda yarinyar ke koyon zama babu uwa ne. Ba jini, ba zagi, ba tsiraici, kuma gaskiya fim ne mai kyau. Ni da nake da furfura a lokacin sai da na share ido. Amma ba abin da za a kunna wa yaro a ba shi baya ba ne. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Na tashi na sami Alhaji a ofishinsa na gaya masa komai, har da tuwon sunan. Alhaji ba mai faɗa ba ne, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya ce, "Ina da ina aka kai?"

Na lissafa masa garuruwan.

Ya ce, "Ba zan tura 'yan babur ba. Kai ka manna, kai za ka ɓanɓare. Wanda ke shago ka canza masa zuwa ja. Wanda aka riga aka saya, ka tambayi gidan ka je. Maganar kujerarka sai ka dawo."

Kwana biyu ina yawo. A Sandamu da Mashi abin ya zo da sauƙi, yawanci suna kan kanta ba a saya ba. Waɗanda suka saya, wasu dariya ma suka yi mini, wani dattijo ya ce shi da matarsa suka kalla kuma ba zai bayar ba. Har na fara cewa a raina abin bai kai yadda na tsorata ba.

Rana ta uku na isa Babban Mutum wajen Sale, mai shagon da ke karɓar kayanmu a can. Ya miƙo mini huɗu, ya ce ɗaya ya fita. Da na faɗa masa abin da ke cikin fim ɗin, sai na ga ya dafe kai.

Ya ce, "Inna lillahi. Malam Haruna mai awaki ne ya saya. Matarsa ta rasu farkon daminar nan, ciwon ƙirji. Ya ce in zaɓo masa mai ban dariya saboda 'yarsa Hauwa'u, tun rasuwar ba ta wasa da kowa. Ni na ɗauko masa da hannuna, na ce ga kore nan."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunanin in juya in ce wa Alhaji ban sami gidan ba. Na tsaya jikin babur ina jujjuya makulli. Abu ɗaya ya tura ni: na ce wataƙila bai kunna mata ba tukuna, wataƙila in na yi sauri zan riga shi.

Sale ya kwatanta mini gidan, can bayan gari kusa da gonakin gero. Na tarar da Malam Haruna a ƙofar gida yana zuba wa awaki harawa. Dogo ne siriri, ba zai wuce shekara arba'in ba. Na yi sallama, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kawo ruwa. Na yi masa gaisuwar rasuwa, ya ce, "Haƙuri da godiya." Sannan na faɗi ko ni wane ne da abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Kai ne mai sa koren?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

"Ka makara. Ta kalla."

Ya ba ni labarin a hankali, ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce ya aro wa yarinyar 'yar na'urar kallo mai murfi, irin wadda ake caji, a wajen ƙaninsa. Ranar kasuwa da safe ya kunna mata, ya tsaya har ya ga wajen ɓarin miyar nan, ya ga ta yi murmushi, karo na farko tun rasuwar. Ya ji daɗi, ya kora awakinsa ya tafi kasuwa. A gidan ba kowa sai mahaifiyarsa, tsohuwa ce, ba ta gani sosai, tana ɗakinta. Da ya dawo bayan la'asar ya tarar na'urar ta mutu, yarinyar na zaune inda ya bar ta, ko abincin rana ba ta taɓa ba.

Ya ce, "Ba kuka take ba. Da kuka take da na san abin yi. Sai ta ce mini, 'Baba, ita ma innarta tari ta yi. Ashe har a can ma ana mutuwa?'"

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Malam Haruna, laifina ne ni kaɗai, ba na Sale ba, ba na maigidana ba. Ban kalli fim ɗin ba na sa masa alama. Ka yafe mini. Ka ba ni shi in canza maka da wani."

Ya ce, "Ba za ta bayar ba. Yana ƙarƙashin matashinta." Ya ce washegari ita ta roƙa a sake kunnawa. Ya so ya hana, mahaifiyarsa ta ce ya bar ta. Ya kai na'urar caji, ya dawo ya zauna kusa da ita suka kalla tare. Da aka zo wajen asibitin ta kwanta a jikinsa, a nan ta yi kukan, shi ma ya yi. Tun daga ranar take ɗan yi masa maganar mahaifiyarta.

Ni kuwa, da yake ɗan Adam ba ya rasa neman mafita, sai na ji wani sanyi ya fara shiga raina. Har na buɗe baki na ce, "To alhamdu lillahi, ashe abin ya zo da alheri."

Ya ɗago ya dube ni sosai, ya ce, "A'a, Malam. Kada ka tafi da wannan. Na yafe maka, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Fim ɗin ma ban ce mummuna ba ne. Da ja na gani, wataƙila in saya, amma da ban tafi kasuwa ba. Da ina zaune. Na biyun mun kalla tare. Na farkon nan kuwa, ita kaɗai ta sake kallon rasuwar uwarta, shekararta takwas, ni ina can ina cinikin akuya. Korenka ne ya ce mini in tafi."

Ban ga yarinyar ba, ban kuma nemi in gan ta ba. Na yi masa sallama na hau babur. Hanyar Babban Mutum zuwa Daura na bi ta ba adadi, amma ban taɓa jin nisanta kamar ranar ba.

Da na dawo na maimaita wa Alhaji maganar Malam Haruna kalma da kalma, na ce in ya ga dama ya ba wani kujerar. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Sannan ya ce, "In na ba wani, sai shi ma ya je nasa Babban Mutum ɗin kafin ya koya. Koma bakin aikinka." Daga ranar aka ƙara doka: duk fim ɗin da aka yi mutuwa ko jinya a ciki, ko babu ɗigon jini, ja ne, kuma mai shago ya faɗa wa mai saye da baki.

Yanzu ba faifai, ba kwali, ba sitika. Mutum zai miƙo muku waya ya ce, "A sa wa yara katun," ku tura masa ashirin cikin minti biyar, kuna hira. Na san ba za ku iya kallon duka ba, kuma ba na cewa ku mayar da zamani baya. Abin da na koya kawai zan faɗa muku. Shekara bakwai ina tsammanin aikina raba fim mai kyau da marar kyau ne. Ashe tambayar da uba ke yi mana, ko da bai furta ba, ita ce ko zai iya tashi ya bar ɗansa da wannan abu. In kun kalla, ku ba shi amsa. In ba ku kalla ba, ku ce masa ba ku kalla ba, ya zauna kusa da yaron. Kada ku ce wa mutum ya tafi kasuwa alhali ba ku san abin da kuka bari a ɗakinsa ba.