Ranar da Injiniya Ya Kori Makaɗin Gayya

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ba, ƙarfe bakwai da rabi na safe, a bakin wani kanal, wato magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Mu uku ne a tsaye: ni mai kula da ƙofofin ruwa, sabon injiniyanmu, da Sarkin Noma Malam Hadi. Cikin kanal kuma manoma ne 'yan gayya, kowa da sheburinsa.

Ga wanda bai san aikin ba, kafin a saki ruwan rani sai an yashe kanal, don idan laka ta toshe shi ruwa ba ya kaiwa gonakin ƙarshe. Umarni ya zo a buɗe ƙofa washegari. Dashen tumatir na mutanen ƙarshe kuwa har ya fara langaɓewa.

Sai ga Audu makaɗi da gangarsa. Injiniya ya ce, "Wannan fa? Biki muka zo?"

Na ce, "Yallaɓai, kayan aiki ne."

"Ba ya cikin takardata. Ya tafi."

Audu ya koma gindin mangwaro ya miƙe ƙafa. Ƙarfe tara aka fara hira. Ƙarfe goma wasu suka tafi neman ƙosai. Sha ɗaya, ko rubu'i ba a yi ba.

Malam Hadi ya matso. "Ɗana, kanal ɗin nan a gabanmu aka haƙa shi. Gangar nan kuwa da ita kakanninmu suka noma gero. Ita ce babba."

Injiniya ya dubi agogo, ya dubi laka, ya dube ni. "To, kira shi."

Da farko Audu ya buga ganga, ya yi wa mutanen Kura kirari da jikokin marina, ya ce hannun da ya sha baba ba zai ji ƙyamar laka ba. Sannan ya juya ga na Bunkure, ya tambaya ko barci suka zo yi. Wani ya yi ihu, "Ƙarya kake, Audu!" Laka ta fara tashi sama. Kafin la'asar mun kai ƙarshe. Washegari na buɗe ƙofa, ruwa ya isa gonar ƙarshe kafin azahar.

Da yamma na ga injiniya ya ƙara layi a takardarsa, ƙarƙashin shebur: ganga, guda ɗaya.

Ku da kuke kan aikin yanzu, ina roƙonku: kafin ku kori abin da kuka tarar a bakin kanal, ku tambayi dattijan wurin tun yaushe yake nan.