Birkilan da Ya Hana Yafiya a Kwance

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Lawan, birkilan da rabin Gashuwa ta sani da ɗingishi, sauran rabin kuma da taurin kai. Ni ƙanwarsa na san shi da duka biyun, kuma ina kewarsa har yau.

Ba da ɗingishin aka haife shi ba. A farkon shekarun casa'in yana ɗora bulo a wani bene, katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo ƙafarsa ta dama ta farfashe. A lokacin akwai yadda ake yi. Ɗan kwangila zai zo dubiya da ledar sukari da madara da sabulu, dattawan unguwa na biye da shi. Za a ce ƙaddara ce, mai ciwon ya ce ya yafe, a shafa fatiha, magana ta mutu. Yaya ya faɗi kalmar yana cije leɓe, don ba zai iya kallon idon dattawa ya ce a'a ba. Aka kai shi wurin mai ɗori, ƙashin ya haɗe a karkace. Bai sake hawa gini ba, ya koma buga bulo a ƙasa.

Daga baya ne wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Nguru, inda nake aure, ya shaida masa cewa akwai doka. Wanda ya ɗauke ka aiki, in ka ji rauni a bakin aikin, magani na wuyansa, akwai kuma diyya gwargwadon abin da ka rasa. In ya ƙi, akwai ofishin ƙwadago, akwai kotu. Yaya ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Bai koma kan maganar nasa raunin ba, ya ce abin da ya yafe ya yafu.

Sai dai tun daga ranar ya ɗauki wata sana'a da babu mai biyansa. Duk inda ya ji lebura ya faɗo daga tsani, ko ƙusa ta huda masa tafin ƙafa, ko siminti ya cinye masa hannu, ko rodi ya soke shi, Yaya zai riga ɗan kwangila isa bakin gadon. Bai hana kowa yafiya ba. Abin da yake cewa shi ne kada mutum ya yafe yana kwance, ya bari ya miƙe tukuna. A gida muka sa masa Barista, shi kuwa ya amsa sunan ba ko kunya.

Wanda na gani da idona shi ne na Bukar, wani lebura mai 'ya'ya a Nguru, da bango ya rufto wa a ƙafa har ƙashi ya fito. A asibiti aka ce ko a kai shi Kano a yi masa aiki, ko a yanke. Yaya ya biyo mota daga Gashuwa ya sauka a gidana. Na kai musu abinci ke nan sai ga Alhajin da ke da kwangilar, da ledarsa da dattawansa.

Yaya ya ce, "Alhaji, sannu da zuwa. Kayan nan mun gode, Allah ya saka. Amma yafiya sai ya tashi."

Wani dattijo ya ɗaure fuska. "Malam Lawan, da ƙaddara kake ja?"

"Wane ni, Baba. Faɗuwar bango ƙaddara ce, kai shi Kano ma ƙaddara ce. Ita muke jira."

Na ga bakin Bukar yana motsi, kunya na neman fizgo kalmar daga cikinsa. Yaya ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa ya miƙa ƙafar nan inda zai gan ta. Bukar ya rufe bakinsa, ya juya fuska bango. Alhaji ya fita a fusace.

Ba a kai ga kotu ba. Da Alhaji ya ji Yaya ya fara tambayar hanyar ofishin ƙwadago, sai ya turo mota aka kai Bukar Kano, aka yi masa aiki. Ban ɗauke shi mugu ba, ya saba ne kawai da ganin leda tana rufe magana. Amma abin ya ci Yaya. 'Yan kwangila suka daina sayen bulonsa, har sai da gidansa ya ji a jiki, mu kuma muka yi ta yi masa faɗan da ba ya ji.

Yanzu benaye sun yi yawa a garuruwan namu, amma har gobe ina ganin leburori a sama da silifas, hular kwano na rataye sai ranar da baƙi za su zo. Dubiyar ma ta koma ta salula. Da yana nan, na san zai yi dariyar nan tasa ya ce an sauƙaƙa wa Alhazai, ko sukarin ba sa saye.

Yaya bai bar gida na kirki ba, duk da gidajen da ya gina wa mutane. Ranar jana'izarsa ina leƙe daga zaure na ga Bukar ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara. Al'ada ita ce a yi ta karɓa-karɓa a hanya don kowa ya samu lada. Mijina ya ce duk wanda ya matso, Bukar sai ya girgiza kai. Da wani ya matsa masa, ya ce, "Ku bar ni. Da ƙafar da ya bar mini zan kai shi."

Allah ya ji ƙanka, Yaya.