Gombo da Sunan Dutsen Garinsu

Duk malamin da ya zo Ulaanbaatar, babban birninmu, daga ƙasar waje da niyyar shiga karkara bincike, a jami'a sai a ce masa ya nemi Gombodorj direba, wanda muke kira Gombo. Ni ce tafintar da ake haɗa su da ita, don haka na sha jijjigar motarsa har na ƙoshi. Tsohuwar motar Rasha ce, in ta mutu ya shige ƙarƙashinta yana lallashi. Ya ɗauki masu tonon kufai, ya ɗauki masu naɗar waƙoƙi, har da wani mai auna haƙoran dawaki, ban taɓa jin ya raina aikin kowa ba. Abu ɗaya ne ba ya yafewa: a tambaye shi yaushe za a isa. Nan take yake zama kurma.

Wata shekara aka haɗa mu da Malama Piroska daga Hungary, mai tattara sunayen duwatsu da idanun ruwa. Aikin ya kai mu yamma, kwarin da aka haifi Gombo. A wajenmu ba a kiran sunan babban dutse a gabansa, sai dai a ce Mai Alfarma. Matasa sun watse birni, masu sanin sunayen na ainihi sun ƙare, saura Kaka Dulamsuren, wadda ƙafa ta daina ɗaukarta. Tantinta kuwa a gindin dutsen yake. Shi kansa Gombo tun yana ƙarami aka kai shi makarantar kwana, ga furfura ta fito masa bai san sunan dutsen garinsu ba. A hanya ya faɗa mana haka yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kaka ta cika mu da shayin madara da busasshen cuku, suna kuwa ko ɗaya ta ƙi faɗa. Sanyi ya ƙarato, lokacin Piroska na ƙarewa, ga tsohuwa ba lallai a same ta baɗi ba. Ni da gajen haƙuri na ce ta raɗa mana mana, wa zai ji?

"Ƙanwata, da karatunki da komai," in ji Gombo, "an gaya miki kunnen dutse irin naki ne?"

Na ji haushi. Ya zauna ya tambayi Kaka lafiyar tumaki da ta raƙuma, sannan ya ce yaushe rabonta da shiga mota.

"Wannan gwangwanin naka? Ɗana, 'yan kwanakin da suka rage mini kake wa baƙin ciki?"

Da safe dai ya goya ta har cikin motar, ya tattare ta da barguna, surukarta ta watsa madara a bayanmu don neman sa'ar tafiya. Ya riƙa tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. In ya tsaya sai ta leƙa ta ce har yanzu tana hango hular dutsen, a ƙara gaba. Sai da rana ta karkata dutsen ya ɓace.

Aka shimfiɗa mata a ciyawa, Piroska ta kunna na'urar naɗar magana. Kaka ta fara da ƙananan tuddai da idanun ruwa, kowanne da labarin wanda ya yi kiwo a wurin. Gombo ya koma ya buɗe kan mota yana taɓe-taɓe, alhali lafiyarta lau. Kunya ce, na sani, kada a ce ya fake da aikin baƙuwa ya biya bukatarsa. Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Da ta zo kan babban, sai ta ce a kashe na'urar a kira mata direban nan. Ya zo, ya sauke hannun rigarsa, ya gyara hula, ya durƙusa.

"Baƙuwa za ta samu nata, amma kai ne farko," in ji ta. "Uwarka ta so ta faɗa maka. Har ta mutu ba ta taɓa yin nisa da Mai Alfarma haka ba."

Ta jawo kansa ta faɗa masa a kunne.